Bindigar nan mai harbi da kanta ta cikin gem, ta cancanci muƙala a Wikipedia ta Hausa?

Ɗan_Rigasa ya rubuta:

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya, kuma kar wanda ya yi min dariya, don wallahi abin ya hana ni sakat tun ranar Asabar.

Kun san bindigar nan da ake girkewa a cikin gem, mai ƙafafu uku, ka ajiye ta a bakin ƙofa ko a kan kwana ka yi tafiyarka, ita kuma ta yi ta waige-waige ita kaɗai, duk abokin gaba da ya gifta ta gabanta sai ta buɗe masa wuta ba tare da kowa ya taɓa kunama ba? Wadda 'yan Call of Duty Mobile, wato CODM, ke samu in sun tara maki ba a kashe su ba. To ita nake nufi. Na fara rubuta mata muƙala a shafina na gwaji, ban sake ta ba tukuna, na kai sakin layi shida, na lissafo gem-gem ɗin da take ciki, Team Fortress 2, Portal, Half-Life 2, Overwatch, har na sa fim ɗin Aliens na 1986 inda sojoji suka girke guda huɗu a lungu suka koma gefe suna kallon lambar harsashi tana raguwa a sikirin.

Sai na nuna wa yayan abokina, shi ya daɗe yana gyare-gyare a Wikipedia, a teburin mai shayi kusa da tashar jirgin ƙasa muke zaune. Ya karɓi wayar ya yi ta jan sikirin da babban yatsa, bai ko kai ƙarshe ba ya miƙo min, ya ce "ƙanina wannan ai ba muƙala ba ce, hirar gidan gem ce." Wai akwai ƙauyuka a Giwa da Birnin Gwari da ko layi ɗaya babu a kansu da Hausa, akwai malamai da mawaƙa da suka rasu ba wanda ya rubuta tarihinsu, ni kuma na zauna ina ƙona data a kan bindigar da ba ta taɓa kashe ko ƙuda ba. Kunya ta hana ni yi masa musu amma gaskiya raina bai kwanta ba. Turawa suna da shafi a kanta, to mu me ya hana?

Tambayata biyu ce. Ta cancanta ko in goge in huta? In kuma ta cancanta, wane suna zan sa mata, don "bindiga mai sarrafa kanta" ya yi min kama da fassarar labaran rediyo.

Anti_Malali ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka goge, amma kuma kar ka sake ta a yadda ka kwatanta.

Yayan naku ya yi gaskiya a hukunci amma hujjar da ya kawo ba ita ba ce. Maganar wai ƙauyukan Giwa ba su da shafi, to wannan ba laifin bindigarka ba ne, ba takarda ake bugawa ba balle a ce ka cinye wa wani fili, kuma in ka goge naka ba shi zai sa wani ya tashi ya rubuta nasu ba. Abin da ake dubawa a can ba muhimmancin abu a idonka ko a idona ba ne. Ana duba shin akwai majiyoyi masu inganci, waɗanda ba su da alaƙa da mai abin, da suka zauna suka yi bayani mai tsawo a kan abin shi kansa, ba ambato a wucewa ba. Shi ke nan ma'aunin. Shi ya sa za ka ga wani ɗan ƙwallo da ba ka taɓa jin sunansa ba yana da shafi, limamin unguwarku da ya shekara arba'in yana karantarwa ba shi da, ba don ɗan ƙwallon ya fi shi daraja ba, don dai jarida ta rubuta a kan wancan ba ta rubuta a kan wannan ba. Abin yana min ciwo ni ma, amma haka tsarin yake.

Yanzu ka duba sakin layinka shida ka tambayi kanka, daga ina na samo wannan? In amsar ita ce "na buga gem ɗin na gani da idona", to wannan binciken kanka ne, kuma shi ne abu na farko da aka hana. Jerin "tana cikin gem kaza, tana cikin gem kaza, a fim kaza ma an nuna ta" ba ya ƙarewa, gobe wani yaro zai zo ya ƙara nasa, jibi wani ya ƙara, kafin shekara shafin ya koma kamar bangon bayan gidan makarantar kwana, kowa ya zo ya rubuta abin da ya ga dama. Turawa sun sha wannan rigima tun tuni. Akwai lokacin da kusan kowace dabbar Pokémon ke da shafinta daban, har mutane suka mayar da abin hujja, in za a goge musu muƙala sai su ce ai ko Pokémon kaza yana da shafi. A wajajen 2007 aka tattara yawancinsu aka zuba a jeri, aka bar irin su Pikachu da duniya ta yi rubutu a kansu da gaske. Masu son bayanin kowane ƙaramin abu na cikin gem sai suka koma shafin Fandom na masoya gem da fina-finai, can ba mai tambayarka majiya irin wannan.

Kuma shafin Turawan da kake magana, ka koma ka karanta shi da kyau, ƙashin bayansa makaman gaske ne. Shawarata ita ce ka juya rubutun, ka fara da na gaske, na gem ya zo a ƙasa a taƙaice.

Baban_Fad_Kawo ya rubuta:

Anti da girmamawa amma ni ban yarda ba gaskiya. Kullum haka ake mana, da an ce gem sai a ce wasan yara, a tura mu can ƙasan shafi kamar 'yan rakiya.

Bindigar nan a gem ba ado ba ce, dabara ce ta tsara wasa, kuma tana da tarihinta. Tun Team Fortress na farko, wanda ya fara fitowa a 1996 a matsayin ɗan ƙari a kan gem ɗin Quake, har zuwa na biyun da kamfanin Valve ya fitar a 2007, akwai ɗan wasa guda da kusan duk aikinsa ke nan, Injiniya. Ba ya iya gudu sosai, bindigar hannunsa ba wata ba ce, amma zai tara ƙarfe 130 ya girke ta, ya yi ta dukanta da sifana yana zuba mata ƙarfe 200 har ta hau mataki na biyu, ya ƙara 200 ta hau na uku ta fara harba roka. Ka ga wanda hannunsa ba ya saiti, wanda in aka yi gaba da gaba kullum shi ake kashewa, ya samu hanyar da zai amfani tim ɗinsa da ƙwaƙwalwa, sanin inda za a ajiye ta shi ne gwanintar. Sannan aka yi mata magani, ɗan leƙen asiri ya yi shigar 'yan tim ɗinku ya lallaɓo ya manna mata na'urar da za ta kashe ta. Wannan fa tunani ne aka zauna aka yi, su Valve ɗin har sharhin masu ƙirƙira suka saka a cikin gem ɗin kana yawo kana sauraron dalilin da ya sa suka yi kaza.

A Half-Life 2 kuma in ka ture ta ta faɗi sai ta yi ta ɓarin wuta a iska kamar mahaukaciya kafin ta mutu. A Portal suka mayar da ita fara fat mai ido ja guda ɗaya da 'yar siririyar murya kamar ta ƙaramar yarinya, tana maka magana cikin ladabi tana harbinka, wallahi karon farko da na ji tsigar jikina ta tashi, a wani gidan gem nan Kawo ne, janareto na ruri a waje ni kuma na sa abin kunne. Sannan duk gem ɗin nan na kare gida da ƙannenmu ke bugawa a waya, ka jera hasumiya maƙiya na tahowa tana harbinsu, ai jikokinta ne.

To duk wannan a ce layi uku a ƙasan shafi? Yaran da ke buga CODM a Kaduna kaɗai sun fi masu neman tarihin wani ƙauye yawa, in kana so su fara karatu da Hausa ai da abin da suke so za ka jawo su.

Tsohon_Kakuri ya rubuta:

Ɗana, ni ban san gem ba, jikana ne ya karanta min tambayarka na ce ya ba ni wayar. Maganar suna zan yi.

Kalmar da kake nema muna da ita tun kafin a haifi babanka. Santiri. Sojan da aka tsayar a bakin get ko bakin ma'ajiyar makamai da dare, shi ne santiri, duk wanda ya zauna kusa da bariki ya san ta, mu da muka tashi a Kakuri kusa da masana'antar makamai ta DICON, wadda aka kafa tun 1964, ba baƙuwar kalma ba ce a wurinmu. Ka ce bindigar santiri, ko bindiga santiri in kana so ka nuna ita ce mai gadin da kanta. Ya fi wancan dogon sunan da ba mai iya faɗa sau biyu.

Sannan abin ba sabo ba ne kamar yadda kuke gani. Maharba sun daɗe suna ɗana bindigar toka a hanyar dabba, a ɗaure ta a gindin itace a ja igiya daga kunama a tsallaka hanya, gyadon daji ko kura ya zo ya taɓa ta tashi. Illarta guda, igiya ba ta san kura ba ba ta san ɗan mai kiwo ba. Gwamnatin Jamus ta Gabas ma ta yi irin wannan a kan iyakarta daga 1970, ta liƙa wasu na'urori a jikin waya, SM-70 ake ce musu, wanda ya taɓa zaren garin tsallakawa sai su fesa masa gutsattsarin ƙarfe, dubbai suka dasa, sai a 1984 suka gama cire su. Wani mutum Michael Gartenschläger ya je ya kwance guda biyu a 1976 don ya nuna wa duniya, a zuwa na uku aka harbe shi. In za ka rubuta, daga tarko za ka faro, don mai karatu Bahaushe ya gane cewa kyamara da kwamfuta aka sa a madadin igiya.

Injiniya_TudunWada ta rubuta:

Baba Allah ya ƙara lafiya, santiri ya zauna daram, ni kaina ban taɓa kawo ta a raina ba.

Ɗan_Rigasa, ni ina bayan Anti, kuma ba don na raina gem ba, ni ma ina bugawa. Dalilina shi ne na gasken suna da abin rubutawa da ya fi ƙarfin sakin layi shida, kuma majiya ba za ta yi maka wahala ba. Koriya ta Kudu ta nuna SGR-A1 a 2006, Samsung Techwin ne suka ƙera ta tare da jami'ar Koriya don gadin iyakarsu da ta Arewa, tana da kyamarar rana da mai ganin zafin jiki da dare, tana iya bin mutum da kanta, amma masu ita sun ce sai mutum ya ba da izini take harbi. Wani kamfanin Koriya kuma, DoDAAM, yana da Super aEgis II. Sojan ruwan Amurka tun 1980 suke da Phalanx a jiragensu, bindiga ce mai baki shida da rada a kanta, tana zubar da harsashi dubbai a minti ɗaya, kuma ita kam in an kunna ta a yanayin kanta ba ta jiran kowa, saboda makami mai linzami da ya taho ba zai ba ɗan Adam lokacin tunani ba. Sun yi ta ƙasa ma suka kai Iraƙi tana kakkaɓo rokoki. Isra'ila kuma ta girke wasu a hasumiyoyi a kan iyakar Gaza, waɗanda sojoji ke sarrafawa daga ɗaki ta sikirin.

To a nan ne muƙalarka za ta yi amfani ko ta yi ɓarna, don abu uku ne mutane ke cakuɗawa. Akwai wadda mutum ke sarrafawa daga nesa da rimot, ita bindiga ce kawai da doguwar igiya. Akwai wadda ke gano mutum ta yi saiti da kanta amma ta jira a ce mata harba. Akwai kuma wadda ke yin duka ita kaɗai. Ta cikin gem ita ce ta ukun, kuma ta gem tana da wani abu da babu wadda ke da shi a duniya, wato in ban da dabarar ɗan leƙen asirin da Baban_Fad ya faɗa, ba ta taɓa kuskuren gane naku da nasu, saboda kwamfutar gem ɗin ta riga ta san wa ke sanye da ja wa ke sanye da shuɗi. A waje kuwa kyamara ce ke ƙoƙarin bambanta mai bindiga da mai fartanya cikin ƙurar hunturu. Mu nan jihar ba sai an yi mana dogon bayani ba, a Tudun Biri cikin Disambar 2023 jirgi maras matuƙi ya kashe mutane da dama a wajen Maulidi, sojoji suka amsa cewa kuskure ne, kuma wannan fa da mutane a zaune a bayan na'urar. A wannan Disambar ta 2023 dai babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri a kan makamai masu kisa da kansu, ƙasashe 152 suka goyi baya, bayan an shafe shekaru tun 2014 ana ta tattaunawa a birnin Geneva.

Yaron da ya saba da ta CODM zai ɗauka haka na gaske suke, tsaf-tsaf ba kuskure. In ya buɗe shafinka ya tarar da bambancin nan a rubuce da Hausa, ka yi aiki.

Sarkin_Zolaya ya rubuta:

Ni dai tambayata, in an kawo ta Kaduna da wace wuta za ta yi aiki? A ɗauke wuta ƙarfe tara na dare santiri ya yi barci, ɓarawo ya zo ya kwance ta, da safe ka same ta a kasuwar Panteka an yi murhun gawayi da ƙafafun. Ɗan_Rigasa ka sa wannan a muƙalar, ni ne majiya.

Ɗan_Rigasa ya rubuta:

Hahaha Sarki Allah ya shirye ka. Baba na gode ƙwarai, santiri na ɗauka. Anti Injiniya wallahi rabin abin da kika faɗa ban sani ba, ni a zatona duk ƙirƙirar 'yan fim ce in ban da ta Koriya da na taɓa gani a YouTube.

Amma Anti_Malali ga inda na tsaya, maganar Baban_Fad ta shige ni. Tunda su Valve da kansu sun yi bayanin dalilin da suka tsara ta haka, wannan bai isa majiya ba? Kuma maganar fim ɗin fa, na ji an ce wurin bindigogin ma ba ya cikin wanda aka fara nunawa a silima, in sa ko in bari?

Anti_Malali ta rubuta:

Sharhin Valve za ka iya amfani da shi ka tabbatar da magana, misali ka ce masu gem ɗin sun ce sun yi kaza don kaza, ka jingina musu. Abin da ba zai yi maka ba shi ne ya zama hujjar cewa batun ya cancanci shafi, don mai kaya ne ke yabon kayansa, mai tuwo ba ta cewa miyarta ba daɗi. Sai ka samo wani na waje, mujallar gem mai editoci ko littafin koyar da tsara wasanni, da ya ware wuri ya tattauna bindigar santiri a matsayin dabara, ba bitar gem guda ɗaya da aka ambace ta a layi ɗaya ba. Baban_Fad, in ka samo irin waɗannan guda biyu ko uku, ni da kaina zan taya ka buɗe mata shafinta daban, ba gaba nake da ku ba. Kafin nan dai ta zauna a sashe.

Na fim ɗin gaskiya ne, an yanke wurin a wanda ya fita a 1986, aka mayar da shi a doguwar fitowa ta musamman da daraktan fim ɗin James Cameron ya sake daga baya, kuma wannan an rubuta shi a wurare da yawa, ka sa abinka da majiya. Overwatch da Half-Life kuwa, in ambato ne kawai za ka yi, cire su.

Wani abu da na manta ɗazu, maganar Baba ta tuna min. Akwai shari'ar da ɗaliban lauya ke karantawa, Katko da Briney, a jihar Iowa ta Amurka, hukuncin 1971. Mutum ya gaji da masu fasa masa wani tsohon gidan gona da ba kowa a ciki, ya ɗana bindiga a ɗakin kwana, ɓarawo ya buɗe ƙofa ta ragargaza masa ƙafa, kotu ta ce mai gidan ya biya shi dala dubu 30. Ka sa ta a sashen tarko kusa da na maharba.

Baban_Fad_Kawo ya rubuta:

To Anti na ji, zan nemo. Amma Ɗan_Rigasa kar ka yar da sakin layin nan shida, ka turo min su ta WhatsApp in ajiye, kuma ka gyara wajen Team Fortress in ka rubuta mataki biyu, uku ne. Yau da dare akwai wasa bayan isha'i in sabis ya yarda, ka shigo in nuna maka inda ake girke ta a filin Nuketown na CODM.